Bayit Huɗu a Hanyar Kurfi

Litinin, 7 ga Yuli, 4:20 na yamma

Hoton ƙirji ya sake maƙalewa a hanya. Karo na uku ke nan cikin kwana goma. Lubna, nas ɗin ƙaramin asibitin Hajiya Turai da ke Kurfi, ta turo shi tun ƙarfe ɗaya na rana don Dakta ya duba a nan Dutsin-Ma, har aka yi azahar bai iso ba. Saƙon rubutu yana wucewa. Sunan maras lafiya da lambar katinsa suna wucewa. Hoton ne kaɗai ke cijewa a kashi uku cikin ɗari, ya ƙi gaba ya ƙi baya.

Alhaji Jibril, mai kamfaninmu, ya leƙo ya ce, "Injiniya, mi ke damun layin Kurfi ne?" Na ce ina kan dubawa. Kafin la'asar sai ga hoton ya faɗo da kansa, ban taɓa komai ba. Abin da ke gyaruwa da kansa ba na yarda da shi.

Mu biyu ne ma'aikata. Ni na zo bara da digirina, ina rubuta kod ɗin kwamfuta, ni ce kuma na yi wa kod ɗin na'urar Kurfi faci a watan jiya. Malam Dalhatu shekararsa sha ɗaya yana hawa ƙarfen eriya, duk wayar da ke tsakanin nan da Kurfi shi ya ja ta. Yau tun azahar ba a gan shi ba, kuma ba wanda ya aike shi ko'ina.

Ba daga facina ba ne.

Laraba, 9 ga Yuli, 10:05 na safe

Bari in rubuta yadda abin yake, kamar yadda na yi wa Alhaji bayani a watan jiya, ko kaina ya huce.

Bayanan asibiti ba sa tafiya tsirara a iska. Kowane ƙunshi ana saka shi cikin wani ƙunshin, ambulan cikin ambulan, na ciki da adireshin Dakta, na waje da adireshin na'urarmu. Ƙaramin saƙo yana shiga ambulan ɗaya ya wuce. Babban abu kamar hoto dole a yanka shi gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa a sake mata ambulan biyun nan, a gyara tsawon da aka rubuta a kai. Da can ƙwaƙwalwar na'ura ce ke wannan yankan. 'Yar na'urarmu ta Kurfi tana zafi, tana shanye batirin sola kafin rana ta yi tsaka. Sai na shiga kod ɗin kanel, wato zuciyar manhajar na'urar, na yi faci, layi ashirin da bakwai, na sauke aikin yankan a kan katin netwok, ɗan allon da ke aika bayanan, tunda shi zaune yake ba ya komai. Kwana biyu cur na gwada a nan ofis, na'ura biyu a kan tebur ɗaya, ko gunduwa ɗaya ba ta ɓata ba.

Alhaji ya ji daɗi har ya wuce misali. Duk baƙon da ya shigo sai ya nuna ni: "Ga wadda ta gyara wa Turawa kod ɗinsu." Malam Dalhatu yana nan tsaye duk lokacin da aka faɗa, yana naɗe waya. Bai taɓa cewa uffan ba. Na lura da wannan shirun tun lokacin.

Da safen nan na tarar da takarda a ninke a kan teburina, "Malama Mubina" da rubutunsa mai kama da ƙusoshi. Na san abin da ke ciki, ƙorafin igiya da tsani ne, kullum shi ke nan. Na jefa a durowa.

Alhamis, 10 ga Yuli, 2:40 na rana

Hadari tun safe, ba rana. Batirin Kurfi ya mutu, na'ura ta ɗauke, ta dawo da sha biyu.

Asabar, 12 ga Yuli, 5:15 na yamma

Ya sake faruwa, hoton ƙafar wani manomi. Kuma ya sake gyaruwa da kansa.

Na kira Lubna in ji ko ta taɓa wani abu, sai ta ce, "A'a, ai Malam Dalhatu ya zo ya tafi." Na ce wa ya kira shi? Ta ce ita ce. Na ce lambar ofis fa? Ta ce, "Tau, shi ne dai na saba da shi."

Ashe haka ake yi. Ana kiransa a bayan idona, ya hau babur ya je, ya dawo ya zauna a bencinsa kamar bai je ko'ina ba. Da ya shigo ɗazu ƙafar wandonsa duk taɓo, na gaishe shi na ce daga ina? Ya ce, "Nan kusa." Kurfi ce nan kusa!

Litinin, 14 ga Yuli, 9:30 na safe

Malam Dalhatu ya tsaya a bakin teburina yana juya hularsa. "Malama, dama wannan sabon abin da kika sa..." Ban bar shi ya ƙarasa ba. Na ce sabon abin an gwada shi, a je a duba eriya, ƙila iska ta karkatar da ita. Ya ce, "Tau." Ya ɗauki tsani ya fita.

Na yi masa magana da ƙarfi fiye da yadda ya kamata, na sani. Ya kusa haifata. Amma mutumin da bai taɓa karanta layin kod ɗaya ba, da me zai auna aikina?

Talata, 15 ga Yuli, 1:10 na rana

Na kama shi.

Na buɗe rajistar na'urar Kurfi, wadda ke rubuta duk wanda ya shiga. Sunansa sau biyar: 28 ga Yuni, 2, 7, 10 da 12 ga Yuli. In ka cire ranar 10, duk ranakun da hoto ya maƙale ne. Kuma duk shigar da ya yi abu ɗaya yake bugawa, umarnin da ke kashe yankan kati ya mayar da aikin kan ƙwaƙwalwa. Wato facina yake kashewa. In batiri ya mutu na'ura ta tashi, facin ya kunna kansa, sai ya sake hawa babur ya je ya kashe.

Na sake bin rajistar daga farko. Wa ya koya masa wannan umarnin? Shi da ko saƙon waya sai ya nisanta ta da idonsa yana bi da yatsa. Ko dai wani ke tsaye a bayansa? Akwai masu jan waya a garin nan da suka daɗe suna haɗiyar yawu a kan layin asibitin nan. Ko kuwa shi kaɗai ne, ya gaji da jin ana cewa Injiniya?

Na kunna abina daga nan. Na tura gwaji, ƙananan ƙunshi ɗari, duk sun je sun dawo lafiya lau. Ban tura babban fayil ba, an kira sallah.

Ranakun na duba. Awowin ban tsaya dubawa ba.

Laraba, 16 ga Yuli, 4:00 na yamma

Yau ya kawo min dafaffiyar masara guda biyu, wai ta gonarsu ce ta wajen Zobe, matarsa Mairo ta ce a ba ni. Na yi godiya. Har yanzu suna cikin ledarsu.

Me ya sa yau? Shekara guda ina nan bai taɓa kawo min ko gyaɗa ba. Ko ya taɓa? Ina jin ya kawo mangwaro da bazara. Wannan daban.

Juma'a, 18 ga Yuli, 11:45 na safe

Jiya hoto ya maƙale, ya je ya kashe. Yau na kunna.

Ba daga facina ba ne. Wani abu yake taɓawa a can wanda rajista ba ta nunawa, waya ko eriya, sannan ya kashe facin don a ce shi ne. Haka ne kawai lissafin ke fita.

Litinin, 21 ga Yuli, 3:30 na yamma

Hajiya Turai ta kira Alhaji da kanta, ta ce in ba za mu iya ba a faɗa mata. Alhaji ya rufe ƙofa ya ce in gaya masa gaskiya tsakanina da Allah. Na buga rajistar a takarda na ajiye masa. Ban ce Malam Dalhatu na ɓata layi ba. Wallahi ban faɗa ba. Na dai ja layi da jan biro a ƙarƙashin sunansa sau shida, na rubuta ranakun matsala a gefe.

Alhaji ya daɗe yana kallon takardar. Ya sa aka kira shi.

"Malam Dalhatu, kai ka shiga nan?"

"Ni ne, Alhaji."

"Kai ke kashe aikin Injiniya?"

"Ni ne."

"Da izinin wa?"

Ya ɗago ya dube ni. Na ɗauka zai fara kame-kame. Sai ya ce, "Na rubuta ma Malama." Alhaji ya juyo gare ni. Na ce ni ban ga wani bayani a kan wannan ba. Kuma ban gani ba ɗin.

Alhaji ya ce ya je ya huta sati biyu a bincika, ya ajiye makullan ɗakin na'ura da na ƙarfen eriya. Ya ciro su daga aljihu, suna ɗaure da jan ƙyalle, ya ajiye a hankali kamar ƙwai. Bayan fitarsa Alhaji ya ce min a rufe kalmar sirrinsa, kuma zai sa a fara neman wani mai hawa ƙarfe, don shi in ya daina yarda da mutum ya daina ke nan.

Na rufe. Bai ɗauke ni minti ɗaya ba.

Laraba, 23 ga Yuli, 12:00 na rana

Shiru. Ba ƙorafi ko ɗaya.

Alhamis, 24 ga Yuli, 4:50 na yamma

Kwana uku lafiya lau. Na faɗa wa Alhaji, ya ce, "Kin gani ko?" Na ce na gani.

Lubna ta ce mai ɗaukar hoton ya je suna Katsina tun Talata, sai Asabar zai dawo. Ta faɗa min ne a taƙaice, ko gaisuwar kirki ba ta tsaya yi ba. Ita ma ina lura da ita. Bencin Malam Dalhatu yana nan, tsaninsa a jingine, ba wanda ya matsar.

Asabar, 26 ga Yuli, 5:40 na yamma

Ba zan iya rubutu yau ba.

Lahadi, 27 ga Yuli, 8:15 na safe

Zan rubuta, tunda ba mai karantawa sai ni.

Jiya da goma da rabi aka kai wata tsohuwa asibitin Kurfi, Inna Batula, ta zame a bakin rijiya ta faɗi a kan ƙugunta. An ɗauki hoto don Dakta ya ce ko karaya ce, ko a motsa ta ko kada a motsa. Hoton ya tsaya a kashi uku.

Lubna ta kira ofis, karo na farko. Ta ce, "Anti Mubina, akwai takardar da Malam ya manna mani a jikin na'ura tun kwanaki, ya ce in wata rana ba ya nan in buga abin da ke jiki. Na buga sunanshi da kalmar sirrin har sau huɗu, ta ƙi karɓa." Ina jiyo nishin tsohuwar ta cikin wayar.

Na ce ta bar min, ina zuwa.

Umarnin kalma biyar ne. Na san shi, na gan shi sau shida a rajista. Daga kujerata zan iya buga shi kafin a ƙirga goma.

Na duba ƙarfin eriya. Na duba batiri. Na sake tayar da na'urarmu ta nan. Na kira Dakta na ce ko kwamfutarsa ce ta cika. Na sake duba eriya. Lubna ta kira sau uku, ina cewa saura kaɗan. Awa biyu da minti goma ina zagaye kalma biyar ɗin nan, domin na san in na buga su hoton ya wuce, to magana ta ƙare.

Da ɗaya saura 'ya'yanta suka gaji, suka shimfiɗa katifa a bayan a-kori-kura suka ɗauko ta zuwa Dutsin-Ma. Ruwa ya tsuge musu a hanya. Kowa ya san yadda hanyar nan take da damina, da yadda ƙugu mai ciwo zai ji kowane rami.

Bayan Lubna ta ce sun tashi, sai na buga.

Daƙiƙa tara. Hoton ya iso cikin daƙiƙa tara. Karaya ce.

Lahadi, 27 ga Yuli, 3:20 na yamma

Na zo ofis ni kaɗai, na buɗe layi ashirin da bakwai ɗin nan. A layi na sha tara na gaya wa kati cewa girman ambulan na waje bayit hamsin ne, wato ma'aunin bayanai, daga nan ya fara ƙirga na ciki. Da hannuna na rubuta hamsin, don a kan teburin ofis hamsin ne.

A hanyar Kurfi hamsin da huɗu ne. Akwai wata 'yar alama ta bayit huɗu da ake liƙa wa duk ƙunshin asibiti don kada ya cakuɗu da na sauran masu amfani da eriyar. Don haka duk gunduwar da kati ya yanka, yana rubuta tsawonta da lambar tantancewarta a gurbin da ba nata ba, can kuma a zubar da ita a matsayin lalatacciya. Ƙaramin saƙo ba a yanka shi, shi ya sa yake wucewa yana yi min murmushi.

Alamar tana rubuce a littafin Malam Dalhatu, mai bangon shuɗi, da ke kan kanta a bayan kujerata, shafi na shida, da kwanan watan shekara bakwai da suka wuce. Shekara guda ina jingina da kantar nan ban taɓa buɗe shi ba.

Na koma rajista na duba awowin. Duk shigarsa bayan maƙalewar hoto ce, da kamar awa ɗaya. Tsawon tafiyar babur ke nan. Ta ranar 10 kuwa ko jira bai yi a kira shi ba, ya ga hadari ya san batiri zai mutu. Zai iya yi daga nan ofis, amma kwamfutar ofis a gabana take.

Sai na jawo durowa.

"Malama Mubina, barka da aiki. Na lura ƙananan suna wucewa, manyan ba su wucewa. In na kashe sabon abin sai su wuce. Ni ban san ciki ba, ke kika sani. Na ga umarnin ne a bayanin da kika rubuta ma Alhaji. Ban faɗa ma kowa ba, don kada a ji a bakin wani. Zan riƙa zuwa ina kashewa har ki samu lokaci. Dalhatu."

Tara ga wata. Kwana sha takwas tana kwance kusa da cokalin shayina.

Litinin, 28 ga Yuli, 11:00 na safe

Na kai wa Alhaji takardu biyu, ta Malam Dalhatu da ta layi na sha tara. Na faɗa masa har da awa biyu da minti goma, don in na ɓoye wannan sauran ba su da amfani. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya sake cirewa.

"Mubina," ya ce. Ba Injiniya ba. "Na riga na yi ma wani mai hawa ƙarfe magana jiya."

Na ce a janye. Na ce in dole sai wani ya tafi, ga ni. Ya ce ba a gyara ɓarna da wata ɓarnar, in je in gyara abina tukuna. Sannan ya turo min makullan nan masu jan ƙyalle ya ce, "Ni na karɓa, amma ba ni na jawo ba. Ke za ki kai."

Na gyara. Yanzu kod ɗin yana auna ambulan da kansa, ba ya yarda da lambar da na haddace. Na gwada da hotuna arba'in a kan hanyar Kurfi ta gaske, Lubna na turowa. Duk sun iso. Da na ce mata ta yi haƙuri, ta ce, "Ba ni za ki ba haƙuri ba."

Na biya asibitin da aka kwantar da Inna Batula. Ta ɗauka ni nas ce, ta riƙe hannuna tana sa min albarka. Ɗanta ya ce hanya ce ta fi wahalar da ita fiye da faɗuwar. Ban faɗa musu ko ni wace ce ba. Wannan ma yana nan yana jirana.

Talata, 29 ga Yuli, 6:05 na yamma

Na je gidan Malam Dalhatu bayan la'asar. Mairo ta amsa sallamata ba ta ɗago ba, ta shimfiɗa tabarma a zaure ta koma ciki. Ya fito da rigar gona, ya zauna nesa kaɗan, muka gaisa har da tambayar mutanen gida, kamar ba abin da ya faru.

Na durƙusa na faɗi duk abin da na shirya a hanya, da wanda ban shirya ba. Na ce na karanta takardar. Na ce Baba Dalhatu ka yafe min. Ban san lokacin da Malam ya koma Baba a bakina ba.

Ya bari har na gama, yana kallon ƙasa. Sai ya ce, "Manyan suna wucewa yanzu?"

Na ce suna wucewa.

"Ko an ɗauke wuta an dawo?"

Na ce ko an ɗauke.

"Tau, alhamdu lillahi. Tsohuwar fa?"

Na faɗa masa. Ya girgiza kai ya ce, "Da na sani da na kai ma Alhaji tun farko. Kunyarki na ji, ita kuma ta biya."

Na ajiye makullan a kan tabarma tsakaninmu. Ya dube su. Ya ce ya yafe, duniya da lahira, kada in sake ɗaga maganar. Amma bai miƙa hannu ba. Ya ce masarar damina na son banki na biyu, a tura mata ƙasa a gindi, zai ga yadda sati zai kasance. Da na tashi tafiya ya ce, "Malama, kin manta kayanki."

Na dawo da su a jakata.

Laraba, 30 ga Yuli, 9:10 na safe

Hadari ya haɗo ta gabas. Hoto biyu sun wuce tun safe. Na goge bencin, na ajiye makullan a kai, kuma duk babur ɗin da ya rage gudu a ƙofar ofis sai na ɗaga kai.